Takardar Mutum Ɗaya

Wani direba maƙwabcina ya dawo daga Yamai kwanan baya, ya zo gaishe ni a ƙofar gida, ya zauna yana ba mu labarin hanya. Ya ce yanzu ba ka bambanta shingen can da na nan sai da launin riga, hannu kuwa iri ɗaya ne, tafinsa a sama. Mutanen da ke zaune suka yi dariya, wasu suna satar kallona, don sun san a aikin ɗan sanda na tsufa. Na bar su suka gama dariyarsu. Amma tun daga ranar zuciyata ta koma Yaman da na sani, wadda na yi kwana tara a cikinta ina saurayi, ban kuwa sake taka ta ba.

Shekarun fari ne. Mu ma ya taɓa mu, amma gefen wutar muka ji, tsakiyarta tana arewa. Mahaifina yana da yaya mace guda ɗaya, wadda wani bafataken shanu ya aura ya tafi da ita ƙasar Kurfai tun ba a haife ni ba. Sau ɗaya na taɓa ganinta ina ƙarami, abin da na riƙe kawai shi ne ƙamshin man shanu a zanenta da cukun da ta raba mana. A wancan zamani ba waya, ba wasiƙa, saƙo a bakin fatake yake tafiya, ya yi wata uku kafin ya iso, wani lokacin ya iso da rabinsa. Saƙon da ya zo mana a shekarar shi ne mijin Gwaggo ya rasu, rijiyar garinsu ta ƙafe, garin ya watse, kuma wani ya ce ya gan ta a Yamai cikin masu gudun yunwa. Ba ta da ɗa ko ɗaya a raye. Baba ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A rana ta uku ya kira ni zaure, ya ce, "Ƙafafuna sun gaza, zumunta kuwa a ƙafa take. Kai ne mai kaki, kai za a ji maganarka. Je ka ɗauko mini yayata."

Shekarata biyu ke nan a aiki, kaina yana hayaƙi. Ni ne mai tashi da asuba in hura gawayi a dutsen guga, in goge wando har ya iya tsayuwa da kansa, in shafa wa takalmi baƙi har in ga fuskata. Na ɗauka duk inda ɗan sanda ya je a duniya, ɗan uwansa zai tarar. Na nemi hutu, na bar kakin a gida, na sa katin aikina a aljihu.

Tun a hanya na fara ganin abin da ban saba ba. Ban da gawarwakin shanu da suka bushe a bakin titi kamar an shanya fata, akwai shingayen jandarma, ganga biyu da itace a gicciye. Kowa sai ya sauka, a yi layi a rana, a karanta takardar kowa tun daga sama har ƙasa. Ni mai sana'ar ne, don haka hannun direba nake kallo. Ya miƙa takardunsa, ban ga ya cusa komai a ciki ba. A shinge na biyu ma haka, na uku ma haka. Na ce a raina lalle wata-wata yake biya. Da na tambaye shi a hankali, sai ya dube ni, ya dubi wanda ke zaune kusa da ni, ya ƙara ƙarar rediyo.

Masaukina a Yamai wani tela ne ɗan garinmu, wanda ya shekara goma sha a can, yana da shago kusa da kasuwa da ɗaki biyu a bayansa. Har yau in na rufe ido ina jin garin. Ƙarar keken ɗinkinsa tun da hantsi, kiran 'yan garuwa da ƙarar gwangwanayensu, mata masu tallar kopto, wato kwaɗon zogale, suna ciniki da Zabarmanci suna rantsuwa da Hausa, gaisuwar "fofo" daga kowace ƙofa, rediyo kuma ba abin da ke fita daga cikinsa sai badujalar soja da sanarwa. Safiyata ta farko muna tafiya sai aka busa ƙaho daga wani bariki. Na ci gaba da tafiyata, tela ya fizgo hannun rigata. Da na duba, gari duka ya tsaya cak. Mai keke ya sauke ƙafa, tasi ta tsaya a tsakiyar titi, wata mata ta daskare da tulu a kai, har aka gama ɗaga tuta. Mu ma soja ke mulkinmu a lokacin, amma ban taɓa ganin mutum ya tsaya wa ƙyalle haka ba.

Ba zan ɓoye ba, 'yan sandansu sun burge ni. Mutum ɗaya ne a mararraba, siriri, ba bindiga, sai usur a baki, in ya ɗaga yatsa babbar mota ta tsaya. 'Yan kasuwa su rufe kayansu da tabarma su tafi sallar Juma'a, su dawo su tarar ko allura ba ta ɓata ba. Na riƙa cewa a raina ga aiki, ga yadda ake yin sa. Sai wata safiya a bencin mai shayi na yi tambaya, ba da wata manufa ba, na ce ina ake kai hatsin taimakon da na ga ana saukewa, ga mutane suna kwana da yunwa a gefen gari? Ɗaya ya ajiye kofinsa da sauran shayi ya tashi, wani ya tuna yana da saƙo, kafin in ankara ni kaɗai ne da mai shayi, shi ma ya ba ni baya yana wanke kofin da ya riga ya wanke. Da na gaya wa tela, sai ya tsayar da keke ya ce, "Ƙanena, baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. A nan ba a tambaya da ƙarfi. Ba kowa ke shan shayi don shayi ba."

Kwana shida ina neman Gwaggo. Na bi bukkokin da suka tsiro a bayan gari, na kwali da buhu da tsohuwar tabarma, inda ake dafa wata jar dawa ta taimako mai taurin tsiya, wadda tsofaffi ke cewa a ƙasar da ta fito dabbobi ake ba. Na sauka Gaweye bakin kogi, ƙarƙashin gada, inda ruwa ya janye ya bar yashi, masu wanki suna binsa da ƙafa har tsakiya. Har Filato na je, unguwar ma'aikatu, mai faffaɗan tituna da inuwar itatuwa, amma can ba a barin mai tsumma ya zauna, da ya jingina da bango usur zai tashe shi. Ina tafe ina faɗin sunan mijinta da sunan garinsu kamar mai talla. Yau yaro zai latsa waya ya nuna hoto, ni kuwa ko kamanninta ban iya faɗa ba. Sai a rana ta bakwai wata mai sayar da itace ta ce ta san ta. Ta ce, "Ka makara da safiya ɗaya. An kwashe su ɗazu. Hukuma ta ce kowa ya koma garinsu kafin damina, za a ba su iri. Suna komisariya, gobe ko jibi kamiyo zai ɗauke su."

Komisariya ita ce ofishin 'yan sanda a bakinsu, kamiyo kuma babbar mota. Na tafi da sauri, raina a kwance, don a ganina an zo inda na fi kowa iyawa. Ginin rawaya ne mai baranda, a bayansa fili mai katanga, mutane zaune a ƙasa da ƙunshin kayansu, sun fi a ƙirga da ido. Aka nuna mini wanda ke riƙe da littafin sunaye, kowa yana ce masa shef. Bazabarme ne haifaffen Yamai, ya manyanta, furfura a gefen kai, Hausarsa ta kasuwa ce, yana ce wa mace "kai". Yana ja wa littafinsa layi da rula, a hankali, kamar ba mai jiransa.

Na yi sallama, na ƙame kaɗan don ya gane, na ce, "Shef, ni ma ɗan sanda ne daga Najeriya. Gwaggona tana cikin mutanen nan." Na tura masa katina, da takardar kuɗi a naɗe a ƙarƙashinsa, yadda na ga manyana suna yi, yadda ni ma aka fara yi mini.

Ya ɗaga katin da yatsa biyu, kuɗin ya zauna a kan tebur shi kaɗai. Ya karanta katin gaba da baya. Ya ce, "Wani abu ya faɗo daga aljihunka. Ɗauke."

Na ce, "Goro ne kawai, shef."

Ya ce, "Goro a kasuwa ake sayar da shi. Ɗauke, ka zauna can."

Na zauna a wani benci tun hantsi har la'asar, ba wanda ya kula ni, sai da aka yi kiran azahar aka nuna mini buta. Daga nan na ga aikinsu ciki da bai. Na ga an kawo ganga biyu na ruwa an raba wa mutane bi da bi, ba wanda ya tsallake layi don ya san wani. Na ga an kawo ɗan wani attajiri da ya taka doka da mota, ubansa ya zo da babbar riga, aka bar shi tsaye a rana kamar kowa. Na kuma ga wani matashin ɗan sanda ya zare bel ya zabga wa wani magidanci don ya tashi daga inda aka zaunar da shi zai kama ɗiyarsa da ta yi rarrafe, shef kuwa ko kai bai ɗaga ba, yana ta jan layinsa. Mutumin bai yi kuka ba, bai yi magana ba, ya koma ya zauna. Wannan shirun ya fi bel ɗin damuna.

Da la'asar shef ya kira ni. Ya rage murya ya ce, "Abokina, da wani ne ya ga abin da ka yi, ni da kai duka da mun kwana inda ba a zuwa gaishe da mutum. 'Ya'yana shida." Sai ya gaya mini hanya. In kawo mazaunin gari mai takardar zama, ya tsaya mini shaida cewa matar jinina ce kuma zan fita da ita daga Yamai, a rubuta, a buga hatimi, shi ke nan. Ko sisi ba a biya. Ya sa aka kai ni fili in gan ta.

Ban gane ta ba, ita ma ba ta gane ni ba. Sai da na bi tsofaffin mata ina faɗin sunan da ita kaɗai ke kiran Baba da shi tun yana yaro, sannan wata ta ɗago kai. Ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, ta ce, "Goshinsa ne. Yana raye?" Na ce yana raye, shi ya aiko ni. Ba ta yi kuka ba, ina jin ruwan jikinta bai kai na hawaye ba. A gefenta akwai wata tsohuwa da idanunta suka yi fari, tana riƙe da gefen zanen Gwaggo. Ban ma gaishe ta da kyau ba, don murna.

Tela bai yi barcin kirki ba da ya ji zai shiga komisariya da ƙafarsa. Duk da haka da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya bi ni, ya sa hannu, Allah ya saka masa. Aka buga hatimi. Na shiga fili na ce, "Gwaggo, tashi mu tafi gida." Ta tashi, ta ɗaura ƙunshinta, ta kama hannun makauniyar nan ta tashe ta. A bakin ƙofa mai gadi ya gitta sanda. Ya ce mutum ɗaya aka rubuta.

Muka koma gaban shef, mu huɗu. A nan na ji labarin. Da suka baro gari, zawo ya kama Gwaggo a hanya, ayarin ya bar ta ƙarƙashin wata aduwa, don ba mai ƙarfin ɗaukar wani. Wannan matar, Bazabarma daga wani gari dabam, wadda ba ta taɓa ganinta ba, ita ta tsaya. Ta raba ɗan garin da ya rage mata biyu, ta tona yashin wani busasshen rafi da ƙoƙo har ta sami abin jiƙa mata maƙogwaro, ta yi kwana huɗu a kanta, sannan ta riƙo ta har Yamai. Bayan sun iso idanun matar suka tafi. 'Ya'yanta sun bazu, ba ta san inda ko ɗaya yake ba. Hausarta ba ta fi kalma ashirin ba, Zabarmancin Gwaggo ma haka, amma wata bakwai ke nan suna ci a ƙwarya ɗaya.

Na ce, "Shef, a ƙara sunanta. A ce ƙanwar kakata ce."

Ya ce, "Ƙanwar kakarka ce?"

Na ce, "A'a, shef."

Ya ce, "To, ka ce in rubuta ƙarya da hannuna, in buga hatimi a kai. Ba jininka ba ce, ba ta da takardar ƙetare iyaka, sunanta yana cikin littafin masu komawa. Gobe in an ƙirga aka ga babu ɗaya, ni za a tambaya. Takarda ta ce mutum ɗaya."

Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da iyayensa. Tela ma ya buɗe baki zai ce zai riƙe ta a gidansa, shef ya ce dokar ta ce a fitar da su daga gari, ba a canza musu ɗaki ba. Na ce a kai ni wurin babbansu, ya ce yana Filato wurin taro, kuma ko ya dawo amsar ke nan, sai dai a ƙara da tambayar yadda aka yi na san hanyar ofis. Ina tsaye ina tunanin cewa a wurin aikina wannan magana ba za ta kai shan ruwa ba. Abin da zai buɗe ƙofar yana cikin aljihuna, amma an kawo ni ƙasar da ba ya buɗe komai.

Shef ya juya ya yi wa makauniyar magana da Zabarmanci. Ta amsa a gajarce, ta saki zanen Gwaggo. Ya ce mini, "Ta ce ka tafi da uwarka. Ta ce ita ta saba."

Gwaggo ba ta jira ya gama fassara ba. Ta kamo hannun matar ta mayar da shi kan zanenta. Ta ce, "Ɗana, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ranar da aka bar ni ƙarƙashin itace, ba ɗan uwa na gani ba, wannan na gani. In na bi ka, wa zai nuna mata bakin rijiya?"

Na ce, "Gwaggo, rijiyar ta ƙafe. Me za ki koma ki ci? Me zan gaya wa Baba?"

Ta ce, "Ka gaya masa na ga saƙonsa da idona, na taɓa shi da hannuna. Ka ce yayarsa ta gode."

Na yi fushi, ina yaro. Na faɗa mata maganar da har yau nake neman gafarar Allah a kanta, na ce ta fifita bare a kan jininta. Sai ta gyara mini wuyan riga.

Washegari bayan azahar kamiyo uku suka zo. Na ruga kasuwa na sayo burodi da sukari da ɗan kilishi, na haɗa da bargona na ba ta. Ana kiran suna, ana ba kowa mudun iri da ɗan ƙunshin jar dawa, ana tura shi baya, a tsaye, a cikin ranar bazara. Da aka zo kansu, shef ya ajiye rularsa ya taso, karo na farko da na ga ya bar teburin. Ya yi wa direba magana, aka sauke wani ɗan sanda daga gaba, aka ɗora tsofaffin biyu kusa da direba, inda akwai inuwa da wurin jingina. Da ya dawo ya wuce ta gabana, bai dube ni ba, ya ce, "Takarda ba ta faɗi inda za su zauna ba." Ya ƙara da wata kalma ta yarensu, tela ya ce mini ma'anarta sai haƙuri. Motar ta tashi. Gwaggo ba ta waiwayo ba, tana gutsura wa matar burodi.

Na yi shekara talatin da wani abu a aiki bayan wannan. Na karɓi goro, ba zan yi wa kabarina ƙarya ba. Na saki wanda bai kamata in saki ba, na kuma saki wanda doka ta ce in riƙe alhali Allah ya san sakin ne daidai. Na ga zamanin da ake jin tsoron kaki, na ga wanda ake raina shi, ban ga wanda talaka ya shiga ofishinmu da kwanciyar rai ba, can ko nan. Samarin yanzu in sun ji ana labarin Yamai ta da, sai su ce ai wancan ne lokacin gaskiya. Nakan ce musu gaskiya ce, na gan ta, amma tsoro ne ke riƙe da ita, kuma ba ta da ƙofar baya ko ga makauniya. Ban san ko shef mutumin kirki ne da aka ɗaure wa hannu ba, ko kuwa matsoraci ne mai tsabtar hannu. Na daɗe ina juya shi, na gaji.

Labarin Gwaggo ya iso mana bayan damina biyu, a bakin wani mai sayar da jaki. A garin Gwaggo suka zauna tare, ruwa ya sauka, sun yi shuka a bayan bukka. Makauniyar ce ta fara rasuwa, a ɗakin Gwaggo, ita ta yi mata wanka. Gwaggo ta bi ta kafin kaka ta zagayo.

Amma wannan daga baya ne. Ranar da na koma gida ni kaɗai, Baba yana zaure, ya sa an share ɗakin da za ta sauka, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya dubi bayana, ya ga ba kowa. Na zauna na ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba, har kuɗin da na tura. Ya saurara yana jan carbi. Na zaci zai yi mini faɗa, ko ya zagi shef, ko ya yi kukan yayarsa. Sai ya ce, "Ita dama haka take tun muna yara." Can ya ce, "Da kai ne a kan teburin nan fa?"

Na ce, "Da na sake su duka biyun, Baba."

Ya ce, "Da kuɗin, ko ba kuɗin?"

Ya shekara goma sha ɗaya bayan wannan tambaya, kullum muna cin tuwo tare. Bai sake yi mini ita ba, ni kuma har aka binne shi ban ba shi amsa ba.